Ra'ayinmu: A Daina Kora Mara Lafiya Zuwa Gida

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana a nan Legas, daga Agege har Idi-Araba da Mil 12. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗan'uwa yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, sai a ware masa kwano da buta, a janye daga tabarmarsa a masallaci, daga nan a haɗa kuɗin mota a ɗora shi a tirelar da ta sauke shanu, wai ya je ya cika a gaban danginsa. Ana kiran wannan taimako. Mu dai a wurinmu kora ce.

Wannan tunani na zamanin da ake ce wa cutar "kabari kusa" ne. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mai da maganin kyauta a asibitocinta. Wanda ya riƙe shi kullum ba fashi, ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinta, kuma a wannan hali ba ya sa wa matarsa. Mai juna biyu da ke shan magani tana haihuwar ɗa lafiyayye in Allah ya so. Cin abinci tare, musafaha ko sahu ɗaya ba su taɓa sa wa kowa ba. To, wanda aka tura ƙauye ba takardar canjin asibiti, maganinsa ya yanke, wa ya cuce shi?

Doka ma tana bayansa. Jihar Legas ta yi tata a 2007, ta tarayya kuma ta zo a 2014, ta haramta korar mutum daga aiki ko tilasta masa gwaji kafin a ɗauke shi, da kuma tona asirinsa ba da yardarsa ba. Muna kukan 'yan gari suna nuna mana bambanci, ga shi muna yi wa namu.

Ga masu ɗauke da ita: jarrabawa ce kamar hawan jini da ciwon suga, da yawa ta hanyar aure ko haihuwa suka same ta. Ku yi addu'a, ku sha rubutu in kuna so, amma duk malamin da ya ce ku ajiye ƙwaya don nuna tawakkali, ku bar shi. Neman magani umarnin addini ne. Muna roƙon limamanmu su faɗi haka a huɗubar Juma'a.

Wanda aka kora daga aiki ko ɗakin haya, ko mai son komawa gida don ra'ayin kansa, ya zo ofishin sakatare bayan La'asar. Za mu rubuta masa koke, ko mu raka shi karɓar takardar asibiti, kuma maganar ba za ta wuce ƙofar ofis ba.