A Tura Ɗalibanmu Na Kimiyya Ɗakin Bincike Lokacin Babban Hutu

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina da wata shawara da nake so mu duba tare. A ganina bai kamata mai koyon kimiyya ya karɓi takardar shaidar malanta ba, sai ya yi ko da wata biyu yana aiki a ɗakin bincike na gaskiya, ƙarƙashin wani masani. Zan kafa hujjata da ilmin ƙashi, gama a nan ne bambancin karatu da gani ya fi fitowa fili.

Kowane ɗalibinmu ya haddace cewa baligi yana da ƙasusuwa 206. Amma nawa ne daga cikinmu suka gane cewa ƙashi abu ne mai rai? A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba su hutawa: waɗansu suna rushe tsohon ƙashi, waɗansu suna bin bayansu suna gina sabo, har a shekara guda akan sabunta wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi. Ƙashi kuma rumbu ne, don kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum yana cikin ƙasusuwa da haƙora.

To, yaya aka san wannan? A 1736 wani likita a Landan, John Belchier, ya lura da ƙasusuwan waɗansu dabbobi sun yi ja, saboda sun ci dusar da aka gauraya da saiwar wani tsiro na rini. Duhamel, mutumin Faransa, ya ɗauki zancen. Ya riƙa ba dabbobi saiwar nan, ya daina, ya sake ba su, sa'an nan ya yanka ƙashin ya tarar da zobe ja da zobe fari bi da bi. Da haka ya nuna ƙashi yana ƙara kauri ne daga waje, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Kun ga, ido ne da haƙuri da rubuta abin da aka gani. Waɗannan kuwa ba a koyonsu daga allo.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A Jos likitoci sun yi ta ganin yara masu laushin ƙashi, ƙafafu sun lanƙwashe kamar baka ko sun yi gwame. Littattafai sun ce rashin bitamin D ke kawo cutar, shi kuwa jiki yana yinsa daga hasken rana. Ina rashin rana a Nijeriya? Sai Dokta Thacher da abokan aikinsa suka gwada magani iri uku a kan yara 123, suka buga sakamakon a 1999: waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa nesa ba kusa ba. Watau abincin yaran ne ba shi da isasshen kalsiyam. Da sun tsaya ga abin da littafi ya faɗa, da yara da yawa sun ci gaba da shan wahala.

Na san za a ce mu malamai za mu zama, ba masu bincike ba. Wannan ma shi ne dalilina. Malamin da ya taɓa yanka ƙashi siriri ya rina shi ya duba a madubin likita, ya auna sau uku ya sami amsa uku, ba zai tsawata wa yaron da ya yi tambaya ba. Zai sa 'yan ajinsa su jiƙa ƙashin kaza cikin ruwan tsami su ga ya yi laushi yana lanƙwasuwa, su ƙona wani su ga yana marmashewa, su gano da kansu cewa abu biyu ne suka haɗu suka ba ƙashi ƙarfi. Shi ne kuma zai fara lura da yaron da tafiyarsa ta sauya a ƙauyen da babu likita.

Za a kuma ce ina kuɗi? A Amurka, tun 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar take biyan ɗaliban jami'a su yi wajen mako goma a ɗakunan bincike lokacin hutu. Mu ma muna da shirin SIWES tun 1973, da asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Ikko, da Inugu, ga jami'o'i kewaye da mu. Abin da ya rage shi ne hukumar kwaleji ta rubuta musu ta nemi gurbi, ko na mutum biyar ne a shekara.

Amma da sharaɗi uku. A ba ɗalibi kuɗin abinci da na mota, don kada abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. A ba shi ƙaramar tambaya tasa da zai bi, kada ya ƙare a wankin kwalabe da aike. In ya komo kuma, ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya faɗi abin da ya gano, har da abin da ya ƙi yiwuwa.

Ina roƙon Shugaba da malaman sashen kimiyya su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, tun kafin hutu ya zo. Allah ya sa mu dace, amin.