Awa 250 Kafin A Kira Ka Malam

A Ketare, idan aka ji rugugin jirgi mai saukar ungulu, ba wanda ke tambayar wane ne matuƙin. Sai dai a ce, yau kuma ina aka afka wa? Haka muke tun da aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Shi ya sa na yi jim da ɗan ƙanwata ya ce mini: "Kawu, ni tuƙinsa nake so in koyar."

Na faɗa masa gaskiya: a wannan sana'a awoyin da mutum ya yi a sama ake ƙirgawa. A Amurka, sai da awa 150 ake samun lasisin tuƙin haya, kuma mai son koyarwa da jirgin Robinson R22 sai ya cika 200. A Turai 250 ake nema, 100 daga ciki yana matsayin shugaban jirgin. Dalili kuwa, malami ne zai karɓe tuƙi cikin ƙiftawar ido idan ɗalibi ya kuskure.

Sai dai kowace awa kuɗi ce, ɗan manomi kuwa ba shi da su. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, maƙwabciyarmu. Roƙona ga Gwamnatin Katsina: idan za ta ɗauki nauyin yaranmu, kada ta tsaya a lasisi. Ta biya har awoyin malanta, domin malami ɗaya matuƙa da yawa ne.