Filin Ƙwallo A Bisan Zangon Jirgin Ƙasa: Wa Ke Biya, Wa Ke Ci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Jama'a, duk wanda ya ratsa Arkilla da daren Asabar zai iske samari cike da gidajen kallo, suna duban tamaular Turai, har sun san filayen Ingila kamar yadda suka san filin Giginya na nan Sakkwato. Idan an tashi, sai ka ji suna cewa yaushe ne Arewa za ta sami irin waɗannan filaye. Wannan buri ba laifi ba ne. Amma kafin a kai ga gini akwai maganar ƙasar da za a ɗora shi, da wanda zai biya kuɗinsa. Ga labarin wani birni da ya yi shekara da shekaru yana wannan gardama.

Birnin Niyok na Amurka ya cika ƙwarai, har babu sauran fegi a tsakiyarsa sai zangon jiragen ƙasa, watau inda ake ajiye taragai a wanke su a gyara su. Jirgi kuwa ba ya tashi don a yi wasa. Saboda haka dabarar masu gini ita ce a kafa ginshiƙai a tsakanin layukan dogo, a yi musu rufi na ƙarfe da siminti kamar soro, sa'an nan a ɗora filin a bisa, jirage na kai da kawowa a ƙarƙashi. Ashe kuɗi uku ke nan: kuɗin ƙasa, da kuɗin rufi, da kuɗin filin kansa.

A shekarar 2005 Magajin Garin Niyok, Michael Bloomberg, ya tsaya kai da fata a gina fili mai ɗaukar mutum 75,000 a kan zangon jirgin da ke yammacin Manhattan, mai layuka 30. Ƙungiyar Jets ce za ta zauna a ciki, masu irin ƙwallon Amurkawa da ake runguma da hannu, kuma da shi birnin ke neman a ba shi wasannin Olamfik na 2012. Da fari an ce aikin zai ci dala biliyan 1.4. Kafin a ƙare gardama lissafi ya haura biliyan 2. A ciki an nemi birni ya ba da miliyan 300, jiha ta ba da miliyan 300, duka daga kuɗin haraji.

Ƙasar kuwa ta hukumar jiragen birni ce, wadda ake kira MTA. Jets suka taya ta dala miliyan 100, alhali masu ƙiyasi na hukumar sun ce darajarta ta wuce miliyan 900. Ana cikin wannan ciniki, a watan Fabrairu na 2005, sai kamfanin Cablevision ya shigo da tayin miliyan 600, ya ce shi gidaje da ofisoshi zai gina. Kowa ya san dalilinsa: shi ne mai zauren wasanni na Madison Square Garden da ke nan kusa, yana tsoron sabon fili ya janye masa kasuwa. Dole hukuma ta buɗe gwanjo ga kowa. Jets suka ɗaga tayinsu zuwa miliyan 720, ko da yake babban rabonsa alkawari ne da ya rataya ga wasu sharuɗɗa. Cablevision ya kai 760. Wani kamfanin wutar lantarki, TransGas, ya kai wajen biliyan 1. Ranar 31 ga Maris hukuma ta sallama wa Jets.

Masu ilmin fiƙihu za su tsaya a nan. Shari'a ta halatta gwanjo, amma ta hana najashu, watau mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba, sai don ya cuci wani mai taye. Hanin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Magoya bayan filin sun zargi Cablevision da irin wannan. Allah shi ya san zukata. Abin da ke bayyane shi ne, da bai shigo ba, da an sayar da dukiyar jama'a a ɗaki da araha, masu hawa jirgi kuma su cika giɓin da kuɗin tikiti. Gwanjo a fili shi ya tona ainihin darajar ƙasar.

Ƙarshen al'amari, ranar 6 ga Yuni 2005 wani kwamitin jiha ya ƙi sakin miliyan 300 ɗin, don shugabannin majalisun jihar biyu, Sheldon Silver da Joseph Bruno, ba su yarda ba. Bayan wata ɗaya aka ba Landan wasannin. A 2008 hukuma ta daidaita da kamfanin Related a kan hayar zangon ta shekara 99 da kuɗi kimanin biliyan 1, aka yi rufin a sashen gabas, aka gina unguwar Hudson Yards wadda aka buɗe a 2019. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Maganar ta sake tasowa a kan ƙwallon ƙafa sosai. Ƙungiyar New York City, ƙanwar Manchester City, gama uban gidansu ɗaya ne, Shaikh Mansur na Abu Dabi, ta fara wasa a 2015 a filin aro. A 2018 labari ya fito cewa wasu kamfanoni sun kai wa jiha shawarar gina fili mai kujera 26,000 da gidaje 550 a kan zangon jirgin kaya na bakin kogin Harlem, da kuɗi dala miliyan 700. Ba a aza ko tubali ɗaya ba. A 2022 ƙungiyar ta zaɓi wani wuri a unguwar Queens inda babu dogon da za a rufe, ta ɗauki nauyin ginin, dala miliyan 780, daga aljihunta, aka fara aiki a ƙarshen 2024.

To, mene ne ruwan mutumin Arkilla da wannan, tun da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba? Dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya tsaya nan. Ruwansa shi ne, a Kano da Zariya da Gusau akwai filayen reluwe masu faɗi waɗanda gari ya kewaye, kuma ƙasa a tsakiyar gari ba ta rasa masu kwaɗayinta. Ga shi kuma jirgi yana farfaɗowa: an buɗe hanyar Abuja zuwa Kaduna a 2016, an aza harsashin ta Kano zuwa Maraɗi a 2021, a 2023 kuma aka gyara tsarin mulki har jihohi suka sami ikon yin dogo nasu. Filin da ake gani kango yau, gobe shi ne zangon taragai. Wanda ya sayar da hurumin gari, ranar da garke ya dawo ba shi da makiyaya.

Akwai kuma kuɗi na huɗu wanda masu tayi ba su faɗi, watau na kiwon gini bayan an gama. Babban filin Abuja ya ci kimanin dala miliyan 360 a 2003, amma ciyawarsa ta lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki gyaranta a 2020. Na Surulere a Ikko, wanda aka buɗe a 1972, ya yi shekaru a yashe. Haihuwa ba ita ce wuya ba, reno.

Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, don magabata sun san ƙasa amana ce a hannun shugaba, ba gadonsa ba. Saboda haka duk ranar da aka zo wa wani gari na Arewa da zanen fili mai ƙyalli, wajibi ne masu faɗa a ji su nemi amsar abu huɗu. A faɗi darajar ƙasar daga bakin masu ƙiyasi waɗanda ba su da hannu a cinikin. A buɗe tayi ga kowa, a karanta shi a bainar jama'a. A rarrabe kuɗin hannu da kuɗin alkawari. A rubuta wanda zai biya idan lissafi ya haura, da wanda zai yi kiwon ginin shekara 20 nan gaba. In amsa ba ta fito ba, sai a ce wa mai taye albarka.

Samari suna da haƙƙin wurin motsa jini, gama mumini mai ƙarfi shi aka fi so. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba talakawa idon lura da dukiyarsu. Amin.