Suna Ɗaya, Mudu Biyu: Maganar Gem Ɗin Professor Layton



Yau maganata a kan gem ce. Na san wani zai ce wasan yara ne, me ya yi zafi? To ni ɗan kasuwa ne, kuma a gidanmu an koya mana cewa tauye mudu haramun ne, ko gero ake awo ko kaset ɗin wasa.

Professor Layton gem ne na wasa ƙwaƙwalwa da kacici-kacici, wanda kamfanin Level-5 na Japan ya yi wa na'urar hannu ta Nintendo DS. Na farkonsa ya fito a Japan a 2007, ya isa Amurka da Turai a 2008. Da aka fitar da shi waje an sauya wasu tambayoyin, domin an gina su a kan harshen Japananci. Wannan ban ga laifinsa ba. Ko kacici-kacicinmu ka juya shi zuwa Yarbanci, wani sai ya mutu a hanya.

Ga inda nake da ja. Na huɗu a jerin ya fito a 2011 da suna biyu: Last Specter a Amurka, Spectre's Call a Turai. A cikin na Japan da na Amurka akwai wani ƙarin wasa, London Life, wanda aka yi tallarsa da cewa zai ci wa mutum awa 100. A na Turai an cire shi ɗungurungum. Hujjar da aka bayar ita ce fassara shi zuwa harsunan Turai za ta jawo jinkiri. To mutumin Ingila fa? Ai Turancin yana nan a shirye, har an kai wa Ostareliya. Wasa mai sunan Landan, amma ɗan Landan bai samu ba!

Na biyu ya fi ciwo. A gem na farko akwai tambayoyin mako-mako da ake cewa ka sauko da su ta intanet. Alhali suna kwance cikin kaset ɗin tun ranar da ka saya, mabuɗi kawai ake turo maka. Ranar 20 ga Mayu 2014 Nintendo ta rufe wannan hanyar intanet ta DS. Wanda bai buɗe nasa ba kafin nan, kayansa na hannunsa amma an garƙame. Kamar a sayar maka da gida ne, a tafi da mabuɗin ɗaki ɗaya.

Masu kare su za su ce ai labarin gem ɗin cikakke ne, sauran gyara ce. Gyara kyauta ce, na yarda. Amma idan ka yi wa Audu gyara ka hana Tanko, kuma ba ka gaya wa Tanko ba, ba zai sake tsayawa a rumfarka ba.

Abin ya shafe mu, domin kayan gwanjo da ke shigowa Alaba da Computer Village a gauraye suke, na Amurka da na Turai, kuma DS ba ta zaɓar kaset. Kafin ka biya, duba ƙananan haruffan da ke jikin takardar kaset ɗin. Idan ka ga USA, na Amurka ne. EUR ko UKV, na Turai ne. Mai sayarwa kuma, don Allah ka faɗa wa yaro gaskiyar abin da ke ciki.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wanda ke da ja, ina saurare.