DATTIN MAGANI, WA KE BIYANSA?

Jama'a, ɗan dako da mai talla da mai rumfa, kowa ya san ƙwayar ibuprofen da ake sha in baya ya riƙe. Amma kaɗan ne suka san irin dattin da akan bari a baya wajen yin magani.

A masana'anta, akan narka kayan haɗi cikin waɗansu ruwaye dangin tina da sifirit, masu guba, masu kama wuta. In an gama, akan ƙone su ko a zubar. A 1992 wani masani Bature, Roger Sheldon, ya ƙididdige cewa kilo ɗaya na magani yakan bar datti kilo 25 zuwa 100, har fiye. Galibinsa kuwa wannan ruwan narki ne.

To, wa ke biya? Mai saye ya biya a kanti, wanda ke zaune bakin rafin masana'anta ya biya da lafiyarsa. Dukansu talakawa ne.

Kada wani ya ce mana ba makawa. Hanyar da kamfanin Boots na Ingila ya bi wajen yin ibuprofen tun shekarun 1960 hawa shida ce, kuma kashi 40 cikin 100 na kayan haɗi kaɗai ke shiga maganin. A 1992 aka buɗe masana'anta a Texas ta Amurka mai hawa uku tak. Kashi 77 ke shiga, ruwan aikin kuma a tace shi a sake mora. Akwai ma hanyar daka: a zuba kayan haɗi a busashe cikin tukunyar ƙarfe mai ƙwallaye, inji ya girgiza, su haɗu ba ruwa ko da ɗan ɗigo. Turmi da taɓarya ke nan! A 2019 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya ta sa ta cikin fasahohi goma masu zuwa da alheri.

Wanda ya ga launin ruwan da ke fita daga masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano ba ya bukatar dogon bayani. Ana ta kiran a kafa masana'antun magani a gida, mun kuwa yarda. Amma muna kira ga masu mulki: kafin a ba kowa lasin, a tambaye shi kilo nawa na datti zai bari, ina kuma zai kai shi. Jami'o'inmu su koya wa yaranmu sabuwar hanya.

Rigakafi ya fi magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.