Magarya da Dungas: a gyara matsuguni kafin damina

Ra'ayin wannan jarida shi ne duk shirin yaƙi da talauci da hukumomin jihar Damagaram za su kai Magarya da Dungas, to ya fara daga matsuguni. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta nuna yadda ginin ƙasa ke narkewa idan ruwa ya kwanta a gindinsa. Talakan Bande ta Magarya ko Dogo-Dogo ta Dungas yana ajiye hatsinsa da ƴan awakinsa ne a cikin gida. Ranar da katanga ta faɗi, jarinsa ya tafi, sai bashi ko tafiya ci-rani Najeriya. Rage kuɗin siminti da gwamnati ta yi a Oktoban 2024 abin yabo ne, amma wanda ke awon gero da tiya bai kai ga sayen tan ɗin siminti ba.

Muna kira ga gwamna da magadan gari su yanka filaye a kan tudu da farashin da manomi zai iya, su hana gini a hanyar ruwa, su haƙa magudanai tun da rani, su kuma tallafa da simintin harsashin gini da kwanon rufi, a biya kaɗan-kaɗan bayan kaka. Sunayen waɗanda suka amfana kuma a karanta su a bainar jama'a, gaban hakimai da masu gari.