Haɗa SSD Biyu Ba Shi Ne Tsira Ba

Wani marubuci ya ba masu kwamfuta a gida shawarar su sayi faifan SSD biyu su haɗa a tsarin RAID, wai za su sami gudu da tsaro lokaci guda, tunda manyan kamfanoni haka suke yi. Suna yi, amma don kada aikinsu ya tsaya ko na minti ɗaya. Mu a gida damuwarmu kada kayanmu su ɓace.

Wane RAID yake nufi? In RAID 0 ne, ana yayyanka fayil a rarraba kan faifan biyu. Ɗaya ya mutu, komai ya tafi. Ina tsaron?

Gudun fa? SSD na SATA yana tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, biyu a RAID 0 su ba ka kusan 1,100. SSD na NVMe guda ɗaya mai PCIe 4.0 yana kai 7,000. Me ya kai ka wahalar haɗi?

In RAID 1 ne, madubi ne kawai. Ka goge hotunan bikin ƙanwarka bisa kuskure, nan take sun goge a duka biyun. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'ura, ko ɓarawo ya sungume ta, wanne zai tsira?

Tagwayen faifai kuma tare suke tsufa. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu SSD ɗinsa za su mutu da cikar awa 32,768 suna aiki. Waɗanda aka kunna tare, tare za su mutu.

Maimakon RAID, faifai na biyun ka kwafe kayanka a ciki duk Juma'a, ka cire shi ka adana a wani ɗakin.